Waiwaye: Yadda aka hana masu nutso kamun lobsta a Maine da New Hampshire

Idan mutum ya goya tukunyar iska ya nutsa cikin teku a gaɓar jihar Massachusetts ta Amurka, da lasisinsa a hannu, doka ta yarda ya zura hannu ƙarƙashin dutse ya zaro lobsta har guda 15 a rana, ya kai gida a dafa. Ya gusa 'yan kilomitoci arewa zuwa ruwan New Hampshire ko na Maine ya yi hakan, ya zama mai laifi. Teku ɗaya ne, dabbar ma ɗaya ce. Wannan bambanci shi ne abin da masu nutson nishaɗi suka shafe shekaru suna kai ƙara a kansa gaban majalisar dokoki, kuma har yau haƙarsu ba ta cimma ruwa ba.

Lobsta dai ɗan uwan jatan lande ne da ƙaguwa, sai dai ya fi su girma nesa ba kusa ba. Irin na arewa maso gabashin Amurka da Kanada yana da manyan hannuwa biyu masu kama da almakashi, yana zama a ramukan duwatsu a ƙasan ruwa mai sanyi, kuma yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kai girman da doka ta yarda a kama. A zamanin da Turawa suka fara zama a yankin, yawansa ya sa ba a ɗauke shi a bakin komai ba, abincin talaka ne. Abin ya canza a ƙarni na 19, lokacin da masana'antun zuba shi a gwangwani suka bazu a gaɓar Maine suna sayen babba da ƙarami ba zaɓe. Da aka ga yana neman ƙarewa sai dokoki suka fara fitowa. A 1872 Maine ta hana kama macen da ke ɗauke da ƙwai. A 1933 ta kafa dokar awo biyu, wadda ta hana ɗaukar wanda bai kai ba, ta kuma hana ɗaukar wanda ya wuce misali. A yau awon ɓawon bayansa dole ya kasance tsakanin inci uku da kwata zuwa inci biyar. Akwai kuma al'adar yanka 'yar tsaga a jelar mace mai ƙwai kafin a mayar da ita ruwa, don duk wanda ya sake kama ta ya san uwa ce, ya sake ta.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tarihi, domin a nan ne taurin kan masuntan Maine ya samo asali. Suna ganin su ne suka yi kiwon wannan dabba da hannunsu, kaka da kakanni, suna mayar da rabin abin da tarkonsu ya kama cikin ruwa alhali suna bukatar kuɗin. Da wuya ka ce musu ƙarya suke yi.

Sai ga baƙo ya shigo. A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a Faransa, kuma cikin shekarun 1950 ta yaɗu a Amurka har ta zama abin wasan ƙarshen mako. Karo na farko ke nan da wani zai iya kaiwa ga tarkon masunci ba tare da ya taɓa igiya ko alamar da ke yawo a saman ruwa ba. Tun asali tsaron tarko a Maine ya dogara ne da ido. Kowane masunci yana da launin da yake shafa wa alamominsa, kowace tashar jiragen ruwa tana da yankin da ta ɗauka nata ne ko da ba a rubuce ba, kuma wanda ya ja tarkon wani za a gan shi daga nesa. Masanin nan James Acheson ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1988 kan ƙungiyoyin masu kamun lobsta na Maine. Wanda ya yi kutse, da farko akan ɗaure masa igiya a matsayin gargaɗi, in bai ji ba a yanke ta, tarkon ya ɓace a ƙasan teku. To mai nutso fa, wa zai gan shi? A farkon shekarun 1960 majalisar Maine ta rufe ƙofar baki ɗaya, ta ce ba a kama lobsta ta kowace hanya sai da tarkon da aka saba. New Hampshire, wadda gaɓarta ba ta wuce kilomita 30 ba, ita ma ta haramta kama shi ta hanyar nutso ko mashi ko ƙugiya.

Abin lura shi ne jihohin biyu ba su hana mai sha'awa kamun lobsta ba. Mazaunin Maine na iya karɓar lasisin da ba na kasuwanci ba ya kafa tarko biyar, ya ci abin da ya samu, amma ba zai sayar ba. Ke nan ba yawan abin da ɗan nishaɗi zai ɗauka ne damuwar ba, hanyar ɗaukar ce. Masu nutso sun riƙe wannan hujja gam. Suna cewa hannun mutum ya fi tarko zaɓe, domin mai nutso yana auna lobstan nan take a inda ya same shi, ya juya shi ya duba ko akwai ƙwai, in bai dace ba ya mayar da shi raminsa. Suna ƙarawa da cewa abin da ke cikin teku dukiyar jama'a ce, ba gadon wata sana'a ba, kuma Massachusetts da Rhode Island da Connecticut da New York sun daɗe da yarda da su. A Massachusetts ma sai mai nutso ya rubuta lambar lasisinsa a jikin tukunyar iskarsa da kan tutar da ke nuna inda yake, yadda jami'i zai gane shi.

A New Hampshire ne aka fi buga wannan dambarwa a majalisa. An sha gabatar da ƙudurin samar da lasisi na musamman ga masu nutso, ciki har da na 2013 da na 2023, kuma babu wanda ya zama dokar da suke nema. Duk zaman sauraron ra'ayi, kusan maganganu iri ɗaya ake maimaitawa. Masunta su ce ruwan jihar ƙanƙane ne, tarkuna sun riga sun cika shi, jami'an tsaron ruwa ba su da yawa, kuma babu yadda za a tabbatar ko lobstan da ke jakar mai nutso daga ƙarƙashin dutse ya fito ko daga cikin tarkon wani. Masu nutso su ce a hukunta ɓarawo in an kama shi, kada a yi musu kuɗin goro. Wasunsu sun kawo tayin taimakawa wajen kwashe tarkunan da suka ɓace a ƙasan teku, waɗanda su ne suka fi kowa ganinsu. Amma taɓa tarkon da ba naka ba babban laifi ne a yankin, a Maine har yakan jawo a dakatar da lasisin mutum na shekaru, don haka ko wannan tayin ma sai da ya zama abin gardama.

Akan kawo misalin Fulorida, kowane ɓangare yana jan sa zuwa nasa. A can lobstan daban ne, mai ƙaya marar manyan hannuwa, kuma ana ware ranakun Laraba da Alhamis na ƙarshen watan Yuli ga 'yan nishaɗi kafin a buɗe kakar kasuwanci ranar 6 ga Agusta. Mutum na iya ɗaukar shida a rana a gundumar Monroe, goma sha biyu a yawancin sauran jihar. Dubban mutane ke tururuwa, otal-otal su cika, amma akan samu haɗurra har da rasa rayuka. Kalifoniya kuwa ta ce mai nutso ya kama da hannu kawai, bakwai a rana, kuma ya rubuta abin da ya kama a kati ya miƙa wa hukuma.

A ganina hujjar masu nutso ta fi ƙarfi ta fuskar adalci. Jihar da ke barin masunci ɗaya ya kafa tarko har 800, da wuya ta gamsar da kowa cewa 'yan lobsta kaɗan a hannun mai nutso ne za su ƙarar da teku. Lasisi mai iyaka, da lamba a jikin tukunya, da katin rahoto irin na Kalifoniya, da tazara daga inda tarkuna suke, duk abubuwa ne da aka gwada a wasu wurare. Sai dai masu fafutukar sun zo a lokacin da masunta ke cikin fargaba. Kamun Maine ya kai ƙololuwa a 2016 da kusan tan dubu 60, ya sauko zuwa wajen tan dubu 39 a 2024. Ruwan Mashigin Maine yana ɗumama da sauri fiye da yawancin tekunan duniya, kuma kowa a yankin yana tuna yadda lobsta ya yi ta mutuwa a Long Island Sound, mashigin ruwan da ke tsakanin Connecticut da New York, a 1999, sana'ar ba ta sake farfaɗowa a can ba. Ga kuma dokokin kare kifin nan whale da ke neman sauya irin igiyar da suke amfani da ita.

Ko hukumar kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika, da ta nemi a ɗan ƙara awon mafi ƙanƙanta bayan bincike ya nuna ƙananan lobsta sun ragu, masuntan Maine sun taso mata har aka janye matakin a 2025. Waɗannan su ne mutanen da masu nutso za su zauna da su a zauren majalisa a duk lokacin da aka sake kawo ƙudurin.