La Pointe Courte

La Pointe Courte fim ne na ƙasar Faransa, baƙi da fari, wanda Agnès Varda ta rubuta ta kuma ba da umarni. An ɗauke shi a 1954, aka fara haska shi a 1955. Sunansa sunan wata unguwar masunta ce da ke gefen garin Sète a kudancin Faransa, a bakin tafkin ruwan gishiri na Thau da ke kusa da Bahar Rum. Shi ne fim ɗin Varda na farko, kuma masanin tarihin fim Georges Sadoul ya kira shi mafarin Nouvelle Vague, wato sabon salon da ya mamaye finafinan Faransa a ƙarshen shekarun 1950.

An haifi Varda a Beljiyam a 1928, amma a Sète ta yi zaman gudun Yaƙin Duniya na Biyu, inda iyalinsu suka zauna cikin jirgin ruwa a bakin gaɓa. Sana'arta ɗaukar hoto ce. Ba ta taɓa karantar fim ba, ba ta kuma yi wa wani darakta yaranta ba.

Labari biyu ne a cikin fim ɗin, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun haɗu ba. Na farko na wasu ma'aurata ne da ba a ba su suna ba. Philippe Noiret ne mijin, ɗan unguwar da ya dawo gida hutu. Silvia Monfort ce matar, 'yar Paris, ta biyo shi a jirgin ƙasa da niyyar gaya masa aurensu na shekara 4 ya ishe ta. Babu faɗa, babu ɗaga murya. Yawo kawai suke yi tsakanin taruna da aka shanya da gawar wani tsohon jirgin katako, suna magana a hankali kamar masu karanta wasiƙa.

Na biyu shi ne na unguwar kanta, kuma mazaunanta ne suka fito a matsayin kansu. Hukumar lafiya ta hana su kamun dangin katantanwar ruwa a wani sashe na tafkin saboda ruwan ya gurɓata, su kuwa da shi suke ci. Sai su fita a ɓoye, yara da mata na sa ido ko jami'ai sun shigo. Wani ƙaramin yaro ya yi ciwo ya rasu. An kama wani saurayi, Raphaël, aka tsare shi 'yan kwanaki, ga shi yana neman auren wata yarinya mai suna Anna uban yarinyar na ja da baya. Kyanwoyi ko'ina, wanki na kaɗawa a igiya.

Ƙarshen fim ɗin ya faɗa kan bikin wasan ture a ruwa, al'adar da ake yi a Sète tun 1666. Kwalekwale biyu ne, ja da shuɗi, kowanne da matuƙansa da masu busa da ganga. A bayan kowanne akwai wani dandamali mai tsawo da ake kira tintaine, nan ɗan wasa ke tsayawa da garkuwar katako da doguwar sanda. Kwalekwalen na giftawa kowa zai auna garkuwar ɗan'uwansa, wanda ya faɗa ruwa ya sha kaye.

Varda ta ce daga littafin The Wild Palms na marubucin Amurka William Faulkner ta ɗauko dabarar jera labari biyu. Ta kuma raba kayan da ke kewaye da ma'auratan, katako na tare da mijin, ƙarfe da layin dogo na tare da matar.

Kuɗin aikin bai wuce dala 14,000 ba. Don haka ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Tamaris, ma'aikata da 'yan wasa suka yi aiki ba albashi, a kan rabon abin da fim ɗin zai kawo. Ƙarancin kuɗin ya bar alamarsa a sauti: ba a naɗi magana a wurin ɗauka ba, daga baya aka ɗora muryoyi. Shi ya sa ko ma'auratan sun yi nisa da kyamara, muryarsu na nan kusa da kunne. Wasu na ganin aibi ne, amma ya dace da mutum biyu da suka kulle kansu cikin zancensu. Alain Resnais ne ya yi aikin yanka da haɗa hotunan fim ɗin, shi ne ma ya faɗa mata aikin ya yi kama da La Terra Trema na daraktan Italiya Luchino Visconti, fim ɗin da ba ta taɓa gani ba.

Babbar matsalar ta zo wajen fitarwa. Tun da an yi shi ba bisa ƙa'idar hukumar finafinai ta Faransa ba, bai samu shiga kasuwa yadda aka saba ba. An nuna shi a gefen bikin finafinai na Cannes a 1955, sannan a sinimar Studio Parnasse ta Paris a farkon 1956. Masu sharhi irin su André Bazin sun yaba, amma kuɗi bai shigo ba, Varda ba ta sake fitar da dogon fim ba sai Cléo de 5 à 7 a 1962.

Varda ta rasu a watan Maris na 2019. Fostar bikin Cannes ta wannan shekarar hoton ɗaukar fim ɗin ne: tana da shekara 26, ta taka bayan wani ma'aikaci da ya durƙusa, idonta a kyamara. A unguwar kuma akwai wani lungu da ke ɗauke da sunanta.