Yadda lauyan Amurka ya bar gaban alƙali ya koma cikin kwalayen takardu

Muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin lauyoyin Amurka ita ce ta ƙarancin lauyan da ya iya tsayuwa a kotu. Matashi zai shekara goma a babban ofishin lauyoyi yana aikin shari'un kamfanoni na biliyoyin dala, amma bai taɓa titsiye shaida a gaban juri ba, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari ƙara su yanke hukunci. Har ta kai wasu alƙalan tarayya na neman a riƙa barin ƙananan lauyoyi su miƙe su yi magana. Da yawa suna ɗora laifin a kan imel da kwamfuta, alhali ciwon ya girme su.

Farkon labarin sananne ne. Gyara na bakwai ga tsarin mulkin ƙasar, na 1791, ya tabbatar da 'yancin juri a ƙararrakin dukiya. A 1938 aka kafa dokokin tafiyar da ƙara a kotunan tarayya, waɗanda suka ba kowane ɓangare damar binciko hujjojin abokin shari'arsa tun kafin zama. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci uku da suka sauƙaƙa wa alƙali kashe ƙara a kan takarda, ba tare da cikakken zama ba. Da Farfesa Marc Galanter ya yi lissafi a 2004, sai ya ga ƙararrakin dukiya da ke kaiwa ga cikakken zama a kotunan tarayya sun faɗo daga kashi 11.5 cikin ɗari a 1962 zuwa kashi 1.8 a 2002.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gyaran da aka yi wa doka ta 34 cikin waɗancan dokokin tafiyar da ƙara, wadda ta shafi neman takardu, a 1970. Kafin nan, duk mai son ganin takardun abokin shari'arsa sai ya je gaban alƙali ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, a ba shi izini. Gyaran ya cire wannan sharaɗi. Lauya ya rubuta buƙata kawai ya aika, ɗaya ɓangaren ya kawo ko ya yi jayayya. Niyyar mai kyau ce, a rage wa alƙalai wahala, a hana ɓoye gaskiya. Sai dai an buɗe ƙofar daidai lokacin da injin fotokwafi ya cika ofisoshi, wasiƙa ɗaya tana haihuwar kwafi ashirin, kuma biyan lauya bisa awannin da ya yi aiki yana zama ruwan dare.

Daga nan aikin ya sauya kama. Ƙaramin lauya ya koma ɗaki marar taga, kwalaye jibge har rufi, yana buga lamba a kowane shafi, yana ware wasiƙun sirri na tsakanin kamfani da lauyansa, yana neman layi ɗaya da wani manaja ya rubuta cikin fushi. Shari'ar gwamnati da kamfanin kwamfuta na IBM ta nuna inda aka dosa: an shigar da ita a 1969, ba a fara zama ba sai 1975, bayanan zaman suka haura shafi 100,000, aka janye ta a 1982 ba tare da hukunci ba. Kamfanin da ya kashe miliyoyi a tonon takardu, ya kuma ga duk abin da ke hannun abokin gabarsa, me zai kai shi ga cacar juri? Sai a sasanta.

Imel ya zo ne ya tarar da ƙofa a buɗe. A 2006 aka shigar da bayanan kwamfuta cikin dokar, a 2015 aka ce bincike ya dace da girman ƙarar, amma ba a maido da neman izinin alƙali ba.