Me ake nufi da "ƙungiyar da ba ta neman riba"?

Da zarar an ce ƙungiya kaza ba ta neman riba, abin da ke zuwa wa mutane da yawa a rai shi ne wasu bayin Allah da ke aiki kyauta, ba albashi, ba kuɗin shiga, sai lada. Ranar da aka ji cewa ma'aikatanta na karɓar albashi, ko aka ga tana sayar da wani abu, sai gunaguni ya tashi: ashe kasuwa ake ci da sunan taimako. Wannan fahimtar kuskure ce, kuma ƙananan ƙungiyoyin da ke aiki a cikin al'umma su suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Ƙungiyar da ba ta neman riba ita ce wadda aka kafa domin wata manufa ta amfanin jama'a, aka kuma haramta wa waɗanda suka kafa ta da masu tafiyar da ita su raba rarar kuɗinta a tsakaninsu. Kamfani idan shekara ta ƙare aka cire abin da aka kashe, ragowar ta masu hannun jari ce. Ita ma ƙungiyar tana iya samun rara, har ma ana so ta samu don kada ta durƙushe, amma rarar cikin aikin take komawa. A dokokin ƙasashe da dama, ko rushe ƙungiyar aka yi, kadarorinta ba sa zama na waɗanda suka kafa ta, ana miƙa su ne ga wata mai irin manufarta.

Masanin shari'a ɗan Amurka, Henry Hansmann, ya yi bayanin hikimar wannan haramci a 1980, kuma bayanin nasa ya gamsar da ni. Wanda ya sayi kaya yana ganin abin da ya biya, in an cuce shi zai gane. Amma wanda ya ba da kuɗi don a koyar da marayu ko a yi wa marasa lafiya magani, ba shi ne zai ci moriyar aikin ba, sau da yawa ma ba zai ga inda aka yi shi ba. Da a ce mai karɓar kuɗin yana da damar sa ragowar a aljihu, da zuciya ta raya masa ya rage aikin. Toshe wannan ƙofar shi ke sa mai bayarwa ya saki jiki.

Saboda haka ciniki bai saɓa wa sunan ba. Oxfam, wadda aka kafa a birnin Oxford na Ingila a 1942, tana da shagunan da ake sayar da tufafi da littattafan da mutane suka ba da gudummawa, kuɗin kuma su tafi yaƙi da talauci. Haka ma albashi. Ma'aikaciyar jinya ko akawun da ya ba da dukkan lokacinsa yana da iyali, kuma biyansa daidai gwargwado ba rabon riba ba ne. Wannan batu ya dami masu harkar har ta kai a 2013 manyan cibiyoyi uku masu sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Amurka, ciki har da Charity Navigator, suka rubuta wa masu ba da gudummawa buɗaɗɗiyar wasiƙa, suna roƙon a daina auna ƙungiya da ƙarancin kuɗin gudanarwarta kawai. Ƙungiyar da ba ta iya biyan mai kula da lissafi, ta yaya za ta kare amanar da aka ba ta?

Akwai sunayen da ake cakuɗawa da wannan. "Mai zaman kanta", wato NGO, yana nufin ba ta ƙarƙashin gwamnati, kuma lafazin ya yaɗu ne bayan ya fito a sashe na 71 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945. "Ta sa-kai" kuwa magana ce kan masu aikin, waɗanda suka ba da kansu ba don a biya su ba. Ƙungiya ɗaya na iya haɗa sifofin duka.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da ƙananan ke ciki. Kowa ya san Red Cross, wadda tarihinta ya faro a Geneva tun 1863, amma ƙungiyar da ke kula da tsofaffi a layin da ke bayan gidan mutum, wataƙila ko sunanta bai taɓa ji ba. Kuɗin agaji na duniya ma manyan suke bi. A taron ƙoli kan ayyukan jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin jinƙai zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce, alkawarin bai cika ba. Ke nan ƙaramar ƙungiya ba ta da madogara mai ƙarfi sai mutanen da take zaune a cikinsu.

A nan ne wayar da kai ke da aiki, kuma ya wuce liƙa takardu da ɗora hotuna a Facebook. Ana so maƙwabci ya san abin da ƙungiyar ke yi, su waye ke riƙe da ita, da inda kuɗinta ke shiga. Ƙaramar ƙungiya tana da wata dama da babba ba ta da ita, domin mai bayarwa zai iya takawa da ƙafarsa ya duba, kuma gani ya kori ji. Goyon bayan ma ba lallai sai kuɗi ba. Lauya zai iya duba musu takardun rajista, malami ya ba da awa biyu a mako, mai fili ya ara musu wurin taro. In kuɗin ne, ɗan kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi musu amfani a kan mai yawa da ya zo sau ɗaya, saboda da shi suke iya tsara aikin gobe.

Mai bayarwa kuma yana da haƙƙin tambaya, ba tare da jin nauyi ba. A Amurka, takardar bayanin kuɗi da irin waɗannan ƙungiyoyi ke miƙa wa hukumar haraji duk shekara a buɗe take ga kowa, a Ingila da Wales kuma akwai hukumar da ke ajiye rajistarsu a intanet. Inda babu irin wannan tsari, sai mutum ya nemi a nuna masa shaidar rajista, sunayen kwamitin amintattu, da lissafin shekarar da ta gabata, ya kuma tambayi mutum nawa ne ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusu.