Rage ƙarar iyafis ɗin nan, kunne ba ya da sauyi

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na Samaru da Kongo a Zariya, da ƙannenmu masu tuƙa Keke Napep, da ku nake. Idan wanda ke zaune kusa da kai a bas daga Kwangila zuwa Samaru yana jin kiɗan da ke fita daga iyafis ɗinka, ƙarar ta wuce ƙima.

Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana galabaitar da su har su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba a jin zafi. Sai dai ka cire iyafis kunne ya riƙa yi maka "wiii", ko a majalisa ka yi ta cewa "me ka ce?", kana jin muryoyi amma kalmomin sun cakuɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin wannan haɗari. A ma'aunin ƙara da ake kira desibel, babba zai iya sauraron ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma da ya kai 90 sai ya koma awa 4 kacal. Wayoyi da yawa in an ƙure su sukan kai 100 ko fiye. Kuma a cikin hayaniya muka fi ƙurewa: janareta na ruri, ana ta hon a PZ, sai yatsa ya yi ta danna maɓallin ƙari.

Wani zai ce shi ai wa'azi ko karatu yake saurare. Allah Ya ba da lada, amma kunne ƙarfin sauti kawai ya sani.

Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100. In waya ta yi maka gargaɗi, kada ka tsallake shi. Ka riƙa cirewa kunne ya huta, kuma kada ka yi barci da shi.

Idan ƙugin nan na "wiii" ya kwana biyu bai tafi ba, ko jinka ya ragu, je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika a auna, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Don Allah a bar sa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne, suna iya fasa dodon kunne.