Yaro ya iya Turanci a takarda, me ya sa baki yake ƙi?

Amsar tana da alaƙa da abin da ake kira basirar sarrafa motsin rai.

Me ake nufi da basirar sarrafa motsin rai?

Ita ce yaro ya gane abin da ya taso masa a zuci, tsoro ne ko kunya ko fushi, ya iya shawo kansa, ya kuma karanci yanayin abokin maganarsa. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su suka tsara batun a 1990, sannan Daniel Goleman ya yayata shi a 1995.

To me ya haɗa ta da Turanci?

Rubutu ana gogewa, magana kuwa zarar bunu ce, kuma a gaban jama'a ake yin ta. Masanin harshe Stephen Krashen ya kawo ra'ayi tun farkon shekarun 1980 cewa fargaba tana toshe hanyar da harshe ke bi ya zauna a ƙwaƙwalwar mai koyo. Shi ya sa za ka ga yarinya ta cinye jarrabawar nahawu, amma malam na cewa ta tashi ta yi bayani sai murya ta shaƙe. Ba daƙiƙiya ba ce, dariyar 'yan aji take gudu.

Dariyar me?

Hausa ba ta bambanta sautin p da f, don haka yaranmu sukan musanya su a Turanci. Kuskure ne da ake gyarawa da atisaye, amma ya zama abin tsokana har a bakin manya. Ga shi kuma a gida mun horar da yaro kada ya ɗaga murya gaban babba. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai wajibi ne malam ya nuna masa cewa amsa tambaya a aji ba rashin kunya ba ne.

Cin tarar mai yin Hausa a makaranta yana taimakawa?

A ganina a'a. Yaron da ke tsoron tara ko bulala shiru yake koya.

Me malami da iyaye za su yi?

A bar yaro ya kai ƙarshen zancensa kafin a gyara masa, kuma kuskure ɗaya a lokaci guda. A haɗa yara biyu-biyu su yi hira kafin a fito da su gaban allo. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya, a ja shi gefe a tambaye shi yadda zai ji da shi aka yi wa. A gida kuma, ko uwa ba ta jin Turanci, tana iya cewa, "Faɗa min abin da kuka koya yau," ta saurara har ya gama.