Gasar Ces ta Gundumomin Ingila

Gasar Ces ta Gundumomin Ingila gasa ce ta shekara-shekara da ake yi tsakanin tawagogin gundumomin ƙasar Ingila a wasan ces, wanda wasu ke kira darar Bature, ko da yake dokokinsa da 'ya'yansa sun sha bamban da na darar Hausa. An fara ta a matakin ƙasa a 1908, kuma gundumar Middlesex ce ta fara lashe ta. Gasar na da hawa biyu: gundumomi kan fara karawa a cikin yankunansu, sannan waɗanda suka yi fice su shiga zagayen ƙasa, inda ake yin sili-ɗaya-ƙwale har a fitar da zakara. Abin da ya bambanta ta da yawancin gasannin ces shi ne girman tawaga. A babban rukuni mutum 16 ne ke zama a kowane ɓangare, kuma makin da na allo na 16 ya ci daidai yake da na gwanin da ke allo na farko.

Asalinta

Kafin a yi maganar kofi, gundumomi sun daɗe suna gwada ƙwanji a junansu. Yorkshire ta kafa ƙungiyar ces tun 1841, Sussex ta bi baya a 1882, Surrey a 1883, Kent a 1889. Abu biyu ne suka sa irin wannan karawa ta yiwu a ƙarni na 19: jirgin ƙasa, da hutun rabin yini na ranar Asabar da ma'aikata suka samu. Malamin makaranta ko akawun banki zai tashi aiki da tsakar rana, ya hau jirgi, ya zauna gaban allo na sa'o'i, ya kuma kwana a gidansa. Har yau yawancin wasannin gundumomi ranar Asabar ake buga su.

Daga nan gundumomi suka haɗa kai yanki-yanki. Ƙungiyar gundumomin Kudu ce ta fara kafuwa a 1892, ta Tsakiya a 1897, ta Arewa a 1899. A tsakanin nan ne aka yi wani babban wasa da ya nuna yawan 'yan ces da ƙasar ke da su: a 1893 Arewa da Kudu suka haɗu a Birmingham a kan allo 106, Kudu ta yi nasara da ƙyar, da maki 53½ da 52½. Wato wasa ɗaya tak ne ya raba mutum fiye da ɗari biyu. Shekarar da ta biyo aka sake haɗuwa a Landan, Kudu ta sake ci, wannan karo da tazara mai faɗi.

A 1904 aka kafa hukumar ces ta Birtaniya, BCF, kuma shekara huɗu bayan haka ta haɗa zakarun yankuna su fitar da gwani ɗaya. Middlesex, wadda ƙungiyarta ba ta wuce shekara ɗaya da kafuwa ba, ita ta ɗauke kambin. Ba abin mamaki ba ne, domin babban ɓangaren Landan a cikinta yake, kuma a can manyan kulob-kulob na ces suka taru. Daga baya aka ƙara yankuna biyu: na Yammacin Ingila a 1947 da na Gabas a 1983. Gasar ta tsaya a lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, tana kuma dawowa bayan kowanne. Tun 2005 hukumar ces ta Ingila, ECF, wadda ta gaji BCF, ita ke tafiyar da ita.

Kofin babban rukuni na ɗauke da sunan Johann Löwenthal, ɗan asalin Hungary da aka haifa a 1810, ya zo Landan a 1851, ya zauna a Ingila yana rubutu kan ces da shirya gasanni har rasuwarsa a 1876.

Yadda ake buga ta

Zagayen yankuna kan ɗauki kaka da hunturu, na ƙasa kuma ya fara da bazara, a kammala da wasannin ƙarshe wajen farkon Yuli, galibi a wuri guda a tsakiyar ƙasar domin kowa ya iya isa. Idan gundumomi biyu masu nisa suka haɗu a kwata fainal ko wasan kusa da na ƙarshe, akan nemi wani gari da ke tsakaninsu, a kama zauren makaranta ko ɗakin taron unguwa.

Kafin a fara, kyaftin biyu kan yi musayar jerin sunaye. Dole a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, mafi gwaninta a allo na 1. Wannan doka ce ke hana kyaftin ya sadaukar da mai rauni a sama don ya ɓoye gwaninsa a ƙasa inda zai ci da sauƙi. Sai a jefa kwabo don a san ɓangaren da zai riƙe farare a alluna masu lamba mara, ɗayan kuma ya samu farare a masu lamba cika. Nasara maki ɗaya ce, canjaras rabi, faɗuwa babu komai. Wanda bai zo ba, an ci allonsa kyauta.

A nan ne aikin kyaftin yake, kuma aiki ne da ba a cika yaba masa ba. Ba tsara dabarar wasa ce ke cin lokacinsa ba, nemo mutum 16 ne da za su yarda su ba da Asabar ɗinsu, da sanin wa zai ɗauki wa a mota, da samo madadin wanda ya kira daren Juma'a ya ce ba shi da lafiya. Tawagar da ta iso da mutum 14 ta fara wasa ana bin ta maki biyu tun ba a taɓa ko soja ɗaya ba, wato mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan ces.

Tunda zagayen ƙasa sili-ɗaya-ƙwale ne, ba a tashi kunnen doki. Idan aka yi 8 da 8, sai a koma ƙidayar alluna: kowace tawaga ta haɗa lambobin allunan da ta ci, mai ƙaramin jimla ita ta wuce. A ɗauka wata ta ci allo na 1, na 4 da na 9, jimla 14, ɗayar ta ci na 2, na 7 da na 12, jimla 21, sauran goma kuma duk canjaras. Ta farko ce ta yi nasara, domin nasarorinta a sama suke, inda wasa ya fi wuya. In nan ma aka yi daidai, sai a riƙa cire sakamakon allon ƙasa ɗaya bayan ɗaya har a sami bambanci. Wannan kaɗai ne wurin da dokar ta fifita na sama a kan na ƙasa.

Akwai wata al'ada da ta daɗe kafin ta gushe, wato hukuncin alƙali. A da, in lokacin tashi ya yi, jirgi na shirin wucewa, wasa kuma bai ƙare ba, sai a rubuta yadda 'ya'yan suke a kan allo a miƙa wa wani gwani ya yanke: nasara ce ko canjaras. Shahararren ɗan wasa Joseph Blackburne ya sha yin wannan aiki. Wani lokaci ta gidan waya ake aika matsayin, tawagogi su yi kwanaki ba su san wa ya ci ba. Illar tsarin a fili take: ɗan wasa da ya sami rinjayen soja ɗaya sai ya daina ƙoƙari, ya zauna yana jan lokaci, ya bar wa alƙali ya ƙarasa masa. 'Yan kulob da yawa sun tashi ba su iya ƙarshen wasa sosai ba saboda haka. Sauya dokokin agogo, yadda dole kowane wasa ya ƙare a zama ɗaya, shi ya kawo ƙarshen wannan, kuma gyara ne da ya yi wa wasan amfani.

Manyan gundumomi da rikicin iyaka

Middlesex ce ta fi kowa yawan lashe gasar, Lancashire na biye da ita. Surrey, Kent, Yorkshire, Essex da Warwickshire duk sun taɓa ɗaukar kofin. Oxfordshire da Cambridgeshire ma sun yi zamaninsu, a shekarun da jami'o'insu suka tara matasa masu hazaƙa. Irin wannan ƙarfi kan zo ya wuce da zarar ɗaliban sun kammala karatu. A Arewa kuwa, karawar Lancashire da Yorkshire na da zafin da ya wuce na neman maki, domin hamayya ce ta maƙwabta da ake gani har a wasan kurket.

Taswirar ces ba ta bin taswirar gwamnati sau da ƙafa. An soke Middlesex a matsayin gundumar mulki a 1965, aka haɗe mafi yawanta cikin Babbar Landan, amma a fagen ces tana nan daram, tana kuma ci gaba da cin kofuna. Sauyin 1974 ya fi haifar da rigima. A shekarar aka ƙirƙiro gundumar Babbar Manchester daga sassan Lancashire da Cheshire, 'yan ces na can suka nemi tsayawa da ƙafarsu, Lancashire kuma ba ta ga dalilin da za a yanke mata birnin da ya fi ba ta 'yan wasa ba. Sakamakon haka Babbar Manchester ta shafe shekaru da dama tana bugawa a ƙarƙashin ƙungiyar Tsakiya, alhali a tsakiyar Arewa take. Batun wa ya cancanci buga wa wace gunduma, ta haihuwa, ko wurin zama, ko kulob ɗin da yake ciki, ya cinye tarurruka masu yawa.

Rukunonin ƙasa da zamanin yanzu

Muddin rukuni ɗaya ne kawai, ƙananan gundumomi ba su da ta cewa gaban masu Landan ko Manchester. Saboda haka aka buɗe gasar ƙananan gundumomi, inda aka ƙayyade matsakaicin ƙarfin tawaga, sannan aka ƙara rukunoni masu iyakar maki ga kowane ɗan wasa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsarin auna ƙarfin 'yan wasa da Richard Clarke ya tsara wa BCF a shekarun 1950. An daɗe ana amfani da lambobi uku, ana da rukunoni irin su ƙasa da 180, 160, 140, 120 da 100. A 2020 ECF ta koma lambobi huɗu irin na tsarin Elo da ake auna 'yan ces da shi a duniya, rukunonin suka zama ƙasa da 2050, 1850, 1650 da 1450. A ƙananan rukunoni akan rage tawaga zuwa mutum 12.

Wannan faɗaɗawa ce ta riƙe gasar lokacin da manyan 'yan wasa suka fara janye jiki. Bayan bunƙasar da ces ya yi a Ingila daga shekarun 1970, lokacin da Tony Miles ya zama giranmasta, wato babban matsayi na gwanayen ces, a 1976, ƙasar kuma ta zo ta biyu a gasar Olimfiyad ta ces a 1984, 1986 da 1988, gasannin ƙarshen mako masu kyautar kuɗi suka yawaita. A 1993 aka kafa lig ɗin ƙasa na 4NCL, inda kulob ke iya ɗaukar gwanaye daga ko'ina. Gunduma ba ta biyan kowa, don haka allunan sama suka rage ƙarfi idan aka kwatanta da da, wasu gundumomin ma suka daina fitar da tawaga a babban rukuni. Amma ranar wasannin ƙarshe har yanzu zaure kan cika da tawagogi daga rukunoni daban-daban, yaro ɗan shekara goma sha biyu na fuskantar dattijon da ya fara buga wa gundumarsa tun kafin a haifi uban yaron. Sau da yawa wasan da ke yanke hukunci shi ne wanda ya rage a allon ƙasa bayan kowa ya gama, mutum talatin sun kewaye shi a tsaye, ba mai ikon cewa uffan.

Annobar korona ta katse kakar 2020 kafin a kai ga zagayen ƙasa, aka koma buga wasannin gundumomi ta intanet na wani lokaci, kafin a dawo zama gaba da gaba bayan an sassauta dokar kulle.