Fashin Baƙi: Manufar Suwidin ta Kare Tunanin Al'umma

Yaƙin sarrafa tunani shi ne wata ƙasa ko ƙungiya ta waje ta yi amfani da labaran ƙarya da shafukan bogi a kafafen sada zumunta domin ta raba kan al'umma, har mutane su daina amincewa da hukumominsu da zaɓensu da ma junansu. Suwidin na cikin ƙasashen da suka ɗauki wannan a matsayin batun tsaro, domin a ranar 1 ga Janairun 2022 ta kafa Hukumar Kare Tunanin Al'umma, mai hedikwata a birnin Karlstad.

Aikin hukumar shi ne gano farfagandar da ake kitsawa daga ƙetare, da nazarinta, da horar da ma'aikatan gwamnati da na ƙananan hukumomi kan yadda za su tunkare ta. Sai dai an yi mata iyaka, kuma a ganina wannan iyakar ce ƙashin bayan manufar baki ɗaya: ba ta da hurumin bibiyar ra'ayin 'yan ƙasa, balle ta rufe bakin wani, komai tsaurin maganarsa. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta yi dokar 'yancin 'yan jarida tun 1766. Singafo kuwa wata hanyar ta bi, domin dokarta ta 2019 ta ba ministoci ikon umartar a gyara bayanin da suka ce ƙarya ne.

Ɗaya ɓangaren manufar na hannun jama'a. A Nuwamban 2024 gwamnati ta fara raba wa gidaje sabon bugun ɗan littafin shirin ko-ta-kwana, wanda ke jan hankali da a binciki tushen labari kafin a yaɗa shi, yana kuma cewa in aka kai wa ƙasar hari, duk saƙon da ya ce an miƙa wuya ƙarya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ƙaryar waje ta haɗu da ƙorafin cikin gida. Daga ƙarshen 2021 an yi ta yaɗa zargin cewa jami'an jin daɗin jama'a na sace 'ya'yan Musulmi, shafukan ƙetare suna rura wutar, yayin da wasu iyaye mazauna ƙasar ke da koke-kokensu game da hukuncin da aka yanke kan yaransu. Hukumar ta iya fallasa masu ingiza zancen daga waje, amma amsa wa iyayen ya rage ga kotuna da ƙananan hukumomi.